Motar da Sallau Bai Hau Ba

Maƙwabcina a nan unguwar Mount Hope, a ƙasar Turawa, mutumin Kumasi ne, haifaffen zango, bene ɗaya muke, yana hawan da ke ƙasa da namu. Kwanakin baya ya je ganin gida ya dawo. Muna takowa daga masallaci bayan la'asar sai na tambaye shi labarin gonakin koko da ke yamma da garinsu, inda na ci ƙuruciyata. Ya rage tafiya, ya gyara hular sanyinsa, ya ce, "Alhaji, wuraren nan da kake faɗi, da yawansu babu su yanzu. Masu neman zinariya sun tone su. Ramuka ne ko'ina, ruwan rafi ya koma kamar kunu." Na ce Allah ya kyauta, muka ci gaba da tafiya har muka shiga lif ɗin benenmu. Ko bishiya ɗaya ban mallaka a wurin ba, wahala kawai na sha a cikinsa, duk da haka sai na ji kamar an ce mini an rushe ɗakin da aka haife ni.

A makon ne kuma na tarar da jikata Ummi a teburin kicin, ta kifa kai a kan wani tsohon littafi da aka ba su a makaranta, labarin leburorin gona na ƙasar nan a zamanin da, masu bin girbi daga gona zuwa gona da ƙunshin kayansu a kafaɗa. Ita da Turanci take mini magana, ni in ba ta amsa da Hausa, haka muke zamanmu lafiya. Ta ce abin da ta kasa ganewa shi ne yadda ƙato da gemunsa zai rasa wanda zai gaya wa damuwarsa. Na ce, "Amarya, ban karanta littafinki ba, bokona bai kai nan ba. Amma mutanen da ke ciki na san irinsu, kwano ɗaya muka ci da su." Ta ture littafin gefe ta ce to in ba ta labari. Guntu na ba ta ranar, don uwarta ta dawo daga aiki a asibiti a gajiye, aka shiga hidimar abinci. Ragowar ce nake ta juyawa a raina tun daga lokacin.

A zamaninmu, da an kai amfanin gona rumbu, saurayi ba ya zaman ƙauye, ci-rani ake tafiya. Wasu su tsaya birni su yi ga-ruwa ko dako, masu ƙarfin hali kuma su nausa Kurmi, inda aka ce aikin koko ba ya yankewa. Daga wani ƙauye na ƙasar Kano na fito, gemu bai ko fara tsiro mini ba, da tabarmata da buta da wata adda da kawuna ya ba ni. Da na isa, abin da ya fara ɗaga mini hankali shi ne rashin sararin sama. Mu 'yan fili ne. A garinmu kana tsaye a bakin gona za ka hango mai jaki tun yana ɗan ɗigo a nesa, ka gama shan furarka bai iso ba. A can kuwa itatuwa sun haɗe kai sun rufe sama, rana sai ta tsaga ganye take saukowa siriri-siriri, ƙasa kullum a jiƙe tana warin ruɓaɓɓen ganye. Har gabas sai da aka nuna mini kafin in yi salla. Babu kiran salla, babu amon taɓarya da asuba, babu kukan zabi. Sai kwaɗi, da wasu tsuntsaye masu kuka kamar ana kiran mutum daga nesa, da gangunan makoki daga ƙauyen da ke ƙetaren rafi.

Mai gonar wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, Mami muke ce mata, mace mai faɗa amma ba ta tauye wa kowa haƙƙinsa. Ta ba mu wani dogon ɗaki na jinka a gefen gonar, mu leburori muka jera tabarmi a ciki. Da gari ya waye sai ka ji ana wasa adduna a kan dutse, wannan ƙarar ita ce zakaranmu. Mu sare ciyawa a ƙarƙashin bishiyoyi, mu tsinko 'ya'yan koko da doguwar ƙugiya, mu tara su tsibi-tsibi, rawaya da ja kamar an zuba wa ƙasa ado. Sai a zauna a kewaye tsibin ana fasawa, ana kwashe ƙwayar mai yauƙi da hannu, a lulluɓe ta da ganyen ayaba har ta yi tsami, sannan a kwaso a kwanduna a kai mashanya, a yi ta juyawa, ido yana kan hadari. Abinci kuwa rogo ne da gwaza da agade, da manja da barkono, wani lokaci a sami busasshen kifi. Ciki yana cika, amma rai yana wurin tuwon dawa da miyar kuka. Na taɓa ganin ƙato ya yi hawaye saboda wani baƙo ya zo da ɗan ƙullin daddawa an jefa a miya.

Babbanmu wani tsoho ne, Baba Mainasara, shi ke raba aiki, shi ke mana tafinta wurin Mami, shi ke ja mana salla. Ya zo Kurmi tun yana saurayi da niyyar rani ɗaya, bai ƙara komawa ba. Shekarar farko ya ji kunyar komawa hannu rabbana, ta biyu ma haka, har ya daina tambayar matafiya labarin garinsu don tsoron abin da za su gaya masa. Yakan ce mana, "Ku riƙa zuwa gida ko da rigar jikinku ce kawai. Ni na ce sai na tara, ga ni nan." Doka ɗaya ya kafa a ɗakin, ba a cin abinci a ware. Ko kun yi faɗa da rana, da yamma kwano ɗaya za ku sa hannu. Yanzu idan na ga samarinmu a kan titin Grand Concourse, masu kai wa mutane abinci a kan keke, kowa ya jingina da bango yana cin nasa a tsaye, wayarsa a ɗaya hannun, sai in tuna da tsohon nan. Su kullum suna ganin fuskar iyayensu mata a waya, abin da mu ko a mafarki ba mu zata ba, kuma ina taya su murna. Amma da yawansu ba su san sunan wanda ke jingine kusa da su ba.

A ɗakin nan na haɗu da Sallau. Bagobiri ne daga wajen Maraɗi, ya ɗan girme ni, siriri, mai tsage a kumatu, bakinsa ba ya hutawa da fito. Tabarmarsa ce kusa da tawa. Ranar farko da ya ga yadda nake riƙe adda ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai Bakano, mi kake yi haka? Wanga ba gero ba ne, ƙafarka za ka sare." Ya kama hannuna ya gyara mini riƙo. Daga ranar ban ƙara jin sunana na yanka a bakinsa ba, Bakano ne har yau. Kowa a ɗakin da burinsa. Wani aure, wani shanun huɗa, ni kuma rumfa nake so a kasuwa, in zauna a inuwa mutane su zo su same ni. Sallau shi mota ce a ransa. Idan muna fasa koko ya ji gurnanin babbar mota tana hawo tudu daga nesa, sai hannunsa ya tsaya, ya karkata kai ya ce, "Ka jiya? Yanzu zai sauya giya." Da ta sauya sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya sauya ta. Yakan zauna a kan kututture ya riƙe murfin tukunya yana murzawa, yana kiran sunayen garuruwan da zai ratsa, har ya sauke ni a ƙofar rumfata da buhunan kaya. Mu yi ta yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

Abin bai tsaya a wasa ba. Akwai wani direba Bahaushe daga zangon Kumasi da ke zuwa kwasar koko. Duk zuwansa Sallau ne kan gaba wajen lodi, ya ɗebo ruwa daga rafi ya wanke motar, ya goge gilashi da rigarsa, ba tare da an sa shi ba. Ya daɗe yana haka, kaka ta wuce wata ta zo, har ran nan direban ya ce masa yaron motarsa zai yi aure ya bar aiki, idan ya zo kwasar kayan ƙarshe na bana, ya shirya su tafi tare. Sallau ya dawo ɗaki yana tafiya kamar ƙasa ba ta ɗaukarsa. Ya wanke rigarsa ɗaya mai kyau, ya ninke ta ya sa ƙarƙashin tabarma don ta miƙe.

Ana cikin haka kurkunu ya kama ni. Yaran yanzu ba su san shi ba, alhamdu lillahi. Wata tsutsa ce doguwa kamar farin zare, a ruwan tafki ake shan ta, ta yi watanni a jikin mutum bai sani ba, sannan ta nemi hanyar fita ta ƙafa. Tawa a idon sawu ta ɓullo. Wurin ya kumbura ya yi ƙuna kamar an ɗora garwashi, zazzaɓi ya rufe ni, ko bayan ɗaki sai da rarrafe. Ba a fizge ta, in ta tsinke a ciki ƙafar na iya lalacewa. Sai dai a naɗe kanta a jikin tsinke, kullum a ɗan murza kaɗan, a yi ta haƙuri makonni. Da Mami ta ga kwanciyar ta yi tsawo, ta zo bakin ƙofa ta yi magana da Baba Mainasara. Ya shigo ya tsuguna kusa da ni, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Ta ce ba ƙin ka take ba. Amma ɗakin nan da abincin nan na masu aiki ne, ga shi kaka ta zo ƙarshe, ragowar aikin sassabe ne, tana son mai ƙafa. Ta ce a sa ka a motar koko a kai ka gari wurin danginka." Na ce, "Baba, wane dangi gare ni a gari?" Shi ma ya san ba ni da kowa a can. Sauran 'yan ɗakin kuwa kowa ya ɗaure kayansa, damina ta kusa a gida, gonar ubansa na jiransa, ba wanda zan ga laifinsa.

Ranar da motar ta zo, da hantsi ne. Ina kwance ina jin komai ta jikin bango: saukar buhuna a bayan mota, waƙar masu lodi, muryar direban yana tsawa a yi sauri. Tun da safe Sallau ya murza mini tsinken, ya ajiye mini ruwa a kusa, ya zaro rigarsa daga ƙarƙashin tabarma ya fita. Ni kuma na roƙi Baba kada a sa ni a motar, gara in mutu inda aka san sunana da a sauke ni a tasha kamar kaya. Can na ji an tada inji. Na ji ta juya, ta gangara, ta kama tudu, ta sauya giya daidai inda Sallau yakan faɗa, har ƙarar ta narke a cikin daji. Wurin ya yi tsit. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ko a shekarata ta farko a garin nan da dusar ƙanƙara ta rufe ni a ɗaki ban san kowa ba. Na juya fuskata bango na yi kuka, ina yi masa addu'ar sa'a da baki, zuciyata kuwa kamar ta fashe.

Sai na ji ana wasa adda a kan dutse. Na ɗauka Baba ne. Sannan fito ya biyo baya.

Ya shigo da tsohuwar rigar aikinsa a jiki, mai kyan a hannu, ya ɗaga tabarma ya mayar da ita. Na yunƙura na zauna, na ce, "Sallau, motar fa?"

Ya ce, "Ta tafi."

"Ai na ji ta tafi. Kai me kake yi a nan?"

"Na yi magana da Mami. Zan yi sassabena in yi naka. Ta ce in dai aikin zai fita, ba ruwanta da wanda ya yi shi."

Haushi ya kama ni, na fara yi masa faɗa ina hawaye. Na ce shekara nawa yana wanke motar nan, ya san direban ba zai jira shi ba, akwai samari a tasha da ke layin wannan gurbin. Ya ce ya sani, direban ma haka ya faɗa masa, har da ƙarin cewa ba shi da hankali. Na ce to gaskiya ya faɗa, ni ba ɗan'uwanka ba, garinmu ma ba ɗaya ba. Ya tsuguna ya kama ƙafata yana duba tsinken, ya ce, "Bakano, ka cika surutu. Motoci na nan da yawa cikin duniya, kullum ƙera su ake. In na tafi, wa zai murza maka wanga abu? Baba da hannunsa ke rawa? Miƙo ƙafar."

Haka ya yi. Ya fita tun duhun asuba, ya yi aikin mutum biyu, ya dawo tafin hannunsa duk ya fashe, ya dafa ruwa ya gasa mini ƙafa, ya murza tsinken a hankali yana ba ni labarin garuruwan da bai taɓa gani ba don in manta da zafin. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito. Mami da kanta, da ta ga abin da yake yi, ta fara aiko mana da romo da wani ganye da ake dakawa a ɗaura. Akwai ranakun da idan mota ta wuce a babban titi fitonsa yakan yanke, sai ta yi nisa sannan ya ci gaba. Ina gani, shi kuwa bai taɓa tayar da maganar ba. Ranar da ƙarshen tsutsar ya fito, ya ɗaga tsinken sama ya zagaya tsakar gida da shi yana guɗa kamar mace, Baba Mainasara yana dariya har da tari.

Da na taka ƙafata muka yi sallama da Baba da Mami muka shiga Kumasi tare. Kada in ce daga nan komai ya yi daɗi, don bai yi ba. Gurbin nan ya tafi, wani bai zo da wuri ba. Muka yi dako a kasuwar goro, muna kwana a barandar wani shago. Ni na ɗaukar wa kaina aikin bin direbobi, duk wanda na yi wa lodi sai na ce masa ina da ɗan'uwa mai son mota, ba ya sata, ba ya gajiya. Wasu su yi dariya, wasu su kore ni. Sai da aka daɗe, har shi kansa ya fara cewa a bar maganar, sannan wani dattijon direba mai kai goro Arewa ya ce in kawo shi ya gani. Rabuwarmu a tasha ba ta ɗauki lokaci ba, mota na shirin tashi. Ya ɗare saman kaya ya ɗaga mini hannu yana faɗin wani abu da ƙarar inji ta hana ni ji. Ba adireshi, ba waya, kowa ya bi inda abincinsa ya ja shi.

Na koma gida, na shiga fataucin goro kaɗan-kaɗan, har Allah ya ba ni rumfar da nake so a birnin Kano, na yi aure, aka haifi uwar Ummi. Duk direban da ya fito daga Kurmi ko daga Nijar sai na tambaye shi wani Bagobiri mai fito, ba wanda ya ba ni labari mai kama hankali. Wata rana da azahar ina rumfa ina yayyafa wa goro ruwa, sai wata babbar mota ta tsaya ta tare mini haske, aka danna oda har maƙwabta suka fara zagi. Ƙofar ɓangaren direba ta buɗe, wani mutum mai tumbi da tawul a wuya ya diro, ya tsaya a gabana ya riƙe ƙugu. Ya ce, "Bakano, ɗage wandonka in ga aikina." Ashe shi ma tambaya yake ta yi, kasuwa bayan kasuwa. Na ɗage masa ya ga tabon, muka rungume juna a tsakiyar hanya, mutane na kallon manya biyu suna kuka da dariya. Ranar ban ƙara sayar da ko ƙwaya ɗaya ba.

Tun daga nan ba mu sake ɓace wa juna ba. Da kasuwa ta juya mini baya na biyo wasu abokai zuwa nan, na yi shekaru ina shimfiɗa huluna da tabarau a gefen titin Canal Street, a kaset muke gaisawa. In sami mai zuwa gida in ba shi, bayan watanni nasa ya iso, rabinsa labarin hanya ne da lalacewar taya. Ya yi tuƙi har ya mallaki motar kansa, ya koya wa yara da yawa, kuma an ce bai taɓa korar yaron mota don ya kwanta ciwo ba. Yanzu yana Maraɗi cikin 'ya'ya da jikoki, ido ya yi rauni, kunne ma sai an ɗaga murya.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira shi na gaya masa abin da maƙwabcina ya ce game da gonakin. Sai ya yi wa Baba Mainasara da Mami addu'a, na ce amin. Na ce masa 'yata ta yanke mini tikiti, da sanyi ya wuce zan zo gida, kuma daga Kano zan ƙetaro in gan shi.

Ya ce, "Ba ka shiga motar haya. Ni za ni zo Kano in ɗauke ka."

Na ce, "Kai da aka ce yara sun ƙwace makulli sun hana ka tuƙi?"

Ya rage murya, yadda na san akwai wani a kusa da shi. Ya ce, "Sun ƙwace. Amma na san inda suke ɓoye shi. Kai dai faɗa mini ranar."